Ajin koyon in, on da at ta waya: abin da na gani a ciki, mai kyau da mara kyau

Jama'a barkanmu da warhaka. Akwai wani ajin Turanci da ake yi ta WhatsApp wanda gaba ɗayansa a kan abu ɗaya aka gina shi, wato 'yan ƙananan kalmomin nan irin su in, on, at, to, for, of, with, by da sauransu, waɗanda a nahawun Turanci ake ce musu preposition, kuma tunda na gama shi mutane ke ta tambayata wai shin ya cancanci mutum ya ba shi lokacinsa da datarsa, shi ya sa na ce bari dai in zauna in rubuta komai a wuri ɗaya kowa ya karanta ya yanke wa kansa hukunci. Ba zan ambaci sunan malamar ko sunan ajin ba, don akwai wuraren da zan yi suka kuma ba na son ya zama kamar ina ɓata wa wani sana'arsa, sannan irin azuzuwan nan yanzu sun yi yawa, abin da zan faɗa zai yi maka amfani ko wanne ka ci karo da shi.

Ni dai a wurina ajin ya yi, kuma dalili ɗaya ne babba, malamar ba ta yarda ka haddace kalmar ita kaɗai ba, kullum sai tare da abokiyar tafiyarta. Ba za ta ce maka ma'anar on kaza ce ka je ka riƙe ba, a'a, cewa za ta yi ka riƙe depend on gaba ɗayansa kamar kalma ɗaya ce, ka riƙe interested in, ka riƙe good at, in ka raba su to ka ɓata aikin. Amma fa akwai gyara sosai a yadda ake tafiyar da ajin, zan zo kansa.

Wanda ya taɓa nahawun Larabci ya san harufan jarri, su fi da ala da min da ila, to kusan aikinsu ɗaya da waɗannan. Kuma kar ka ga ƙanƙantarsu, of da to da in suna cikin kalmomi goma da suka fi yawan fitowa a rubutun Turanci, ke nan da wuya ka rubuta layi biyu ba ka taka ɗaya ba. Mutum zai iya sanin manyan kalmomi masu tsawo, ya iya lokutan aikatau tsaf, amma ya rubuta imel na neman aiki ya fara da I am interested on this position, shi ke nan mai karantawa ya riga ya gano inda ƙarfinsa ya tsaya tun a layin farko. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido, wallahi a nan maganar ta zauna daram.

Tsarin ba shi da wani sarƙaƙiya. Da safe malama ta turo saƙon murya tana bayani da Hausa tana kawo misalan da Turanci, ta biyo da hoto mai ɗauke da jimlolin a rubuce, sai aikin da za ka yi ka tura, a ƙarshen mako kuma a yi zaman kai tsaye a yi tambayoyi, sannan akwai ɗan gwaji da ake amsawa a fom.

Darasin farko a kan harafinmu na "a" ta fara, kuma na ji daɗin hakan don a nan ciwon yake. Mu muna cewa a gida, a ƙarfe biyar, a ranar Litinin, a watan Yuli, a shekarar 2020, duk da a guda ɗaya mun gama, shi kuwa Bature ya raba wannan aikin gida uku. Ta ce ka ɗauka daga ƙarami zuwa babba, daidai lokacin agogo at ne, at five o'clock, at noon, at midnight, rana ko kwanan wata on ne, on Monday, on 5 July, on my birthday, wata da shekara da ƙarni kuma in ne, in July, in 2020, in the twentieth century. Wuri ma kusan haka, at idan kana nuna wurin a matsayin tabo guda kamar at the door ko at the bus stop, on idan abu yana kan fuskar wani abu kamar on the table ko on the wall, in kuma idan abin yana kewaye da kai kamar in the room ko in London. To har nan ba wani sabon abu, ko wane littafin nahawu ka buɗe za ka ga wannan. Inda ta burge ni shi ne ba ta bar mu da tunanin cewa dokar ta gama komai ba, a ranar ta jero inda dokar ke karyewa, ana cewa in the morning da in the afternoon da in the evening amma sai a ce at night, sannan da zarar ka ambaci ranar sai in ɗin ta gudu on ta shigo, on Monday morning, on Friday evening, kuma in ka sa next ko last ko this ko every a gaba to ba a sa komai kwata-kwata, I will see you next Monday kawai, ba on next Monday ba. Wani ɗalibi ya tambaya wai mene ne dalilin at night, ta ce masa kai tsaye ba ta da dalilin da zai gamsar da shi, haka masu harshen ke faɗa, ya riƙe haka. Ni wannan amsar ta fi min a ƙirƙiro wata dokar ƙarya don kawai malami ya nuna ya san komai.

Na abin hawa ma ta yi shi da kyau, on the bus, on the train, on the plane, amma in the car da in the taxi, kuma ta ba da dabarar da aka saba bayarwa cewa abin da za ka iya miƙewa ka taka a cikinsa on ne, wanda kuma sai dai ka sunkuya ka zauna in ne, keke da babur da doki kuwa on ne tunda a kai kake. Aikatau ɗin ma bin sahu yake yi, get on the bus, get off the bus, amma get in the car, get out of the car. In kuma hanyar tafiyar kake faɗa by ce ba tare da the ba, by bus, by car, by air, sai ƙafa ita ce ta fita daban, on foot. Da maganar isa wuri, arrive in idan gari ne ko ƙasa, arrive at idan gini ne ko tasha, home kuwa ba ta ɗaukar komai, go home, get home, arrive home.

Amma darasin da ya fi komai a ajin nan, wanda shi kaɗai ma ya isa dalilin shiga, shi ne na kalmarmu ta "da". Ban taɓa ganin wani ya zauna ya warware wannan haka ba. Abin da ke faruwa shi ne tun muna yara an gaya mana da ita ce with, to sai kwakwalwa ta riƙe, duk inda Hausa ta sa da sai hannu ya rubuta with ba tare da ma ka sani ba, alhali kuwa da ɗinmu aikinta ya ninka na with nesa ba kusa ba. Malama ta sa mu da kanmu muka riƙa jero maganganun da ke da da a ciki tana mayar mana da Turancinsu. Na dogara da kai, I depend on you. Na gaji da wannan, I am tired of this. Ina alfahari da ke, I am proud of you. Ya yi kama da wancan, similar to that. Ya bambanta da wancan, different from that. Kusa da, close to. Nesa da, far from. Na damu da shi, worried about him. Na saba da shi, used to it. Ka kula da yaran, look after the children ko take care of the children. Cike da ruwa, full of water, amma in ka ce filled to with ɗin ta dawo, filled with water. Kun gani ko, da guda ɗaya ta tarwatse ta zama on da of da to da from da about da after, kuma with ɗin da muke ta rubutawa a wurare kaɗan ne ma take daidai, kamar angry with him, satisfied with it, agree with you. Sai wanda kowa ya yi shiru da aka zo kansa, married, don kusan duk ajin married with muka saba ji, ta ce She is married to a doctor ne daidai, in ka ce married with to abin da ke biyo baya yawanci 'ya'ya ne, married with two children, wato tana da aure da 'ya'ya biyu, ka ga ma'anar ta tafi wani wuri daban.

Daga nan ta shiga ma da wa ɗinmu, na yi masa, na faɗa wa malam, ka ara min. Mu kalmar aro ɗaya ce ga mai bayarwa da mai karɓa, shi ya sa za ka ji ana cewa borrow me your pen, alhali Turanci ya raba, borrow from someone kai ne ka karɓo, lend to someone kai ne ka bayar, don haka lend me your pen ko can I borrow your pen. Haka explain, ana cewa tell me ba tare da komai ba amma dole explain to me, ba a cewa explain me the lesson. Irin wannan bayanin sai wanda ya san harsunan biyu ciki da bai, manhajar da aka yi don duk duniya ba za ta san cewa da ce ke jan hannunka ba, ita dai ta ja maka jan layi ta wuce.

Akwai kuma ɓangaren da ba sawa ba ne matsalar, cirewa ce. Aikatau da yawa ba sa son komai a bayansu amma mutane na liƙa musu, discuss about, emphasise on, request for, reach to, enter into the room, contact with him, duk waɗannan a daidaitaccen Turanci ba a sa komai, discuss the matter, emphasise the point, request a form, reach the office, enter the room, contact him. Ta nuna mana daga inda ruɗanin ke zuwa, wato sunan da aka samo daga aikatau ɗin shi yana ɗaukar kalmar, a discussion about the matter, emphasis on the point, a request for a form, in contact with him, sai mutum ya kwaso ta daga can ya kawo nan. Kuma ta yi adalci ta ce enter into yana nan daidai idan yarjejeniya ce, enter into an agreement. Ga masu rubutun ofis wannan darasin ya kamata a ce an ninka shi, don a wasiƙu da rahotanni ya fi fitowa, da shi da look forward to wanda to ɗinsa ba irin ta to go ba ce, shi ya sa ake cewa I look forward to hearing from you ba to hear ba.

Sai waɗanda in ka canza kalmar ba kuskuren nahawu kawai ka yi ba, maganar ce gaba ɗaya ta canza, kuma waɗannan su ne ke iya jawo wa mutum asara ta gaske. On time a daidai lokacin da aka sa, in time kafin lokaci ya ƙure. By Friday yana nufin kar ya wuce Juma'a, ko ka kawo tun Laraba babu laifi, until Friday kuma abu ne da ke ci gaba har zuwa Juma'a, to ka ga wanda ya rubuta wa shugabansa I will send the report until Friday bai faɗi abin da yake nufi ba. Shout to someone kana ɗaga murya don ya ji ka, shout at someone kana yi masa tsawa, haka throw to da throw at, ɗaya miƙawa ce ɗaya jifa. At the end ƙarshen wani abu takamaimai, at the end of the month, in the end kuma daga ƙarshe dai. Agree with mutum ko ra'ayi, agree to tayin da aka yi maka, agree on abin da kuka tsayar tare kamar rana. For da since kuma ta haɗa su da tun ɗinmu, in za ka iya cewa tun kaza, wato mafarin lokaci, since ne, since 2019, since Monday, in kuwa tsawon lokacin kake faɗa for ne, for three years.

Wani abin da ban zata ba kuma na yaba, ta ware darasi guda ba ta koyar da ko kalma ɗaya ba, yadda ake duba ƙamus kawai ta koyar. Ta ce ajin zai ƙare amma tambaya ba za ta ƙare ba, kuma mafi yawanmu idan muka buɗe ƙamus ma'ana kawai muke karantawa mu rufe, alhali amsar tana ƙasa a cikin misalai da ɗan rubutu mai kauri da ke nuna tsarin kalmar. In ka duba accuse a ƙamus na masu koyo za ka ga accuse somebody of something, in ka duba congratulate za ka ga congratulate somebody on something, apologise kuma to somebody for something, ga amsar nan a fili. Irin waɗannan ƙamusoshin daban suke da waɗanda aka yi wa 'yan asalin harshen, kuma ba da ka aka yi su haka ba. A. S. Hornby malamin Turanci ne a Japan, a can ya ga ɗalibansa sun san ma'anar kalma amma ba su san yadda za su jera ta a jimla ba, ƙamus ɗin da ya yi da abokan aikinsa ya fara fitowa a Tokyo a 1942, sannan madaba'ar Oxford ta fitar da shi a 1948, shi ne asalin ƙamus ɗin Oxford na masu koyo da ake amfani da shi har yau. Na Longman ya zo a 1978, sai na COBUILD a 1987 wanda John Sinclair ya jagoranta a Jami'ar Birmingham, shi kuma an gina shi ne a kan tarin rubutun mutane na gaske da aka zuba a kwamfuta, ba misalan da marubuci ya zauna ya ƙaga ba. Yanzu na Oxford da na Cambridge da na Longman duk ana buɗe su a intanet, don haka babu uzuri.

Ta kuma nuna mana Ngram na Google, wanda aka buɗe a 2010, inda za ka rubuta maganganu biyu ka raba su da waƙafi ya zana maka wanda ya fi yawa a littattafai tsawon shekaru, har ma za ka iya zaɓar Turancin Ingila ko na Amurka. Ta ambaci manyan rumbunan rubutu irin su British National Corpus mai kalmomi miliyan 100 da COCA na Mark Davies mai kusan biliyan ɗaya, amma ta ce waɗannan sai mai son zurfafawa. Gargaɗin da ta yi a nan yana da muhimmanci, kar ka ɗauka yawan sakamakon da ka gani a binciken intanet hujja ne, don kuskure ma yana da jama'a.

To yanzu gyara. Na farko kuma wanda ya fi ɓata min rai shi ne gwajin fom ɗin nan. An saita shi amsa ɗaya kawai yake karɓa, kuma duk Turancin Ingila aka bi, alhali akwai wurare da yawa da amsa biyu duk daidai ne. At the weekend na Ingila ne, on the weekend na Amurka, babu wanda ya yi kuskure. Different from kowa na faɗa, different to ana ji a Ingila, different than a Amurka. Monday to Friday da Monday through Friday. Write to me da write me. Bature na Ingila zai ce she is in hospital, na Amurka ya ce in the hospital. Har sunan titi, a Amurka on ake sawa, a Ingila kuma ana jin in ɗin ma. To ɗalibin da Turancinsa daga finafinai da bidiyoyin Amurka ya samo shi sai ya zaɓi on the weekend fom ya ba shi sifili, ya fita da tunanin bai iya ba, kuma wannan cutarwa ce, don ka rushe masa abin da yake daidai. Abin haushin ma malamar ta san da bambancin, ta faɗe shi a saƙon murya, amma ba a gyara fom ɗin ba har aka gama. Ai ba wuya, ko dai a cire irin tambayoyin ko a rubuta a sama cewa na Ingila ake so.

Na biyu, gyaran aiki. An tara mutane da yawa a guruf ɗaya fiye da abin da malama ɗaya da mataimaki ɗaya za su iya ɗauka, ka tura aikinka yau sai an wuce darasi biyu kafin a dawo maka da shi, wani lokacin ma alamar daidai ko kuskure kawai za ka gani ba bayani, kuma a irin wannan karatun gyaran shi ne karatun, don kai ba ka jin kuskurenka, a kunnenka daidai yake tunda shekara da shekaru haka kake faɗa, sai wani ya tsaya ya nuna maka. Ga surutu a guruf, gaisuwa da sitika da tambayar da aka riga aka amsa, sai darasin ya nutse ka yi ta ja sama kana nema. Da an yi guruf biyu, ɗaya malama kaɗai ke turawa ɗaya na hira, da an huta. Saƙonnin muryar ma wasu sun yi tsawo ainun, kuma ba a rubuta abin da ke ciki ba, in kana son komawa kan misali ɗaya sai ka sake sauraron duka.

Na uku ya shafi mataimakin, wanda ya riƙa ja wa mutane layi idan jimla ta ƙare da ɗaya daga kalmomin nan, wai haramun ne a nahawu. Wannan ba gaskiya ba ne kuma ina so duk mai karanta wannan ya cire shi daga ransa. Who are you talking to, what are you looking for, where are you from, duk lafiyayyen Turanci ne, ka gwada juya na ƙarshen ka ce from where are you ka ji yadda ya yi nauyi a baki. Ana danganta farkon wannan ƙyamar da marubucin nan John Dryden, wanda a 1672 ya soki irin wannan jeren a rubutun Ben Jonson, kuma masana na ganin nahawun Latin ne ya ja shi, don a Latin ba a yin haka. Robert Lowth ma da ya rubuta nahawunsa a 1762 bai haramta ba, cewa ya yi ya dace da magana ta yau da kullum, ɗaya jeren kuma ya fi dacewa da rubutu mai nauyi, daga baya ne malamai suka mayar da shawara ta zama doka. Da aka kai wa malama maganar a zaman ƙarshen mako ta ce mataimakin bai yi daidai ba, na yaba mata da ta faɗa a gaban kowa, amma kamata ya yi tun farko su zauna su daidaita bakinsu kafin su fara duba aikin mutane.

Makon ƙarshe kuma an yi shi a guje. An cusa su give up da put off da look up da run out of da put up with duk a tare, alhali wannan wani fanni ne mai zaman kansa, a yawancinsu ƙaramar kalmar ba aikin nuna wuri ko lokaci take yi ba, ta haɗu da aikatau ne sun haifi sabuwar ma'ana, kuma suna da nasu ƙa'idojin, misali ana cewa turn it off ba turn off it ba amma look after it ba a raba shi. Ko a ba shi nasa ajin ko a bar shi.

Katunan bita da ta ba mu kuwa suna da kyau, gaba jimla ce da gurbi, baya amsa, kuma ba kalma tsurarta ba, cikakkiyar jimla irin wadda mutum zai faɗa da gaske, He is responsible dash the budget, ka cike da for. Ta ce kar ka zauna ka haɗiye su rana ɗaya, ka duba yau, ka sake bayan kwana biyu, ka sake bayan mako, kana ƙara tazara, kuma wannan ba ra'ayinta ba ne kawai, tun 1885 Hermann Ebbinghaus na Jamus ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a farko-farkon koyo sannan ta lafa, shi ya sa bita mai tazara ke aiki, manhajoji irin su Anki ma a kan haka aka gina su. Shawarar da ta ƙara wadda nake bi har yanzu ita ce in kana karanta labari ko imel daga wanda ya iya harshen ka riƙa lura da abin da ya biyo bayan aikatau da sifa kana rubutawa a ɗan littafi, jimlar gaba ɗaya ba gutsure ba.

Wa ya kamata ya shiga? Wanda ya riga yana iya karatu da rubutu da Turanci amma yana tsayawa yana shakka a tsakiyar jimla, ma'aikaci, ɗalibin jami'a, mai shirin jarrabawa irin IELTS, mai rubuta wasiƙun neman aiki ko tallafin karatu, wannan naka ne. Wanda kuma yanzu yake fara haɗa jimla ya dakata tukun, misalan za su yi masa yawa ya karaya a banza. Kuma ko wannan ne ko wani makamancinsa, kafin ka biya ka tambayi mutum nawa ne a aji, wa ke duba aiki kuma cikin kwana nawa ake dawo da shi, Turancin ina ake bi a gwaji, sannan ka nemi a turo maka darasi ɗaya ka saurara, in ka ji malamin yana karanto jerin dokoki ne kawai ba jimloli, ko yana cewa kowace kalma tana da ma'ana ɗaya tak da Hausa, ka nemi wani. Satifiket ɗin da ake bayarwa a ƙarshe hoto ne kawai aka turo a waya, ba wata hukumar jarrabawa a bayansa, don haka kar ka shiga saboda shi kuma kar ka sa ran zai yi maka aiki a wurin intabiyu.